Shaidar Gawayi: Yadda Aka Auna Shekarun Ƙasar Borno

Birnin Maiduguri, wanda 'yan ƙasa suka fi son kira Yerwa, ba tsohon gari ba ne in an gwada shi da biranen da suka gabace shi a ƙasar Borno, domin a shekarar 1907 aka kafa shi, sa'ad da Turawan Ingila suka zaɓi wurin ya zama mazaunin mulkinsu, Shehu Abubakar Garbai kuma ya taso da fadarsa ya zauna a nan. Amma jigawar da aka aza harsashin garin a kanta, wadda ta taso daga arewa maso yamma, ta bi ta Magumeri, ta ratsa Maiduguri, ta wuce Konduga da Bama har ta faɗa ƙasar Kamaru, ta girmi kowace daula da aka taɓa jin sunanta a wannan nahiya. Masana ilmin ƙasa suna kiranta Jigawar Bama, kuma sun daɗe da yin ittifaƙi a kan cewa gaɓar wani babban tafki ce na zamanin da, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne kawai. Gane cewa gaɓa ce bai yi wuya ba, gama rairayi da tsakuwar da igiyar ruwa ta tara suna nan ga mai ido. Abin da ya gagara shekara da shekaru shi ne a faɗi yaushe ruwan ya tsaya a nan, da hujjar da za ta iya tsayuwa a gaban mai jayayya.

Borno kuwa ba ƙasa ce da ta rasa masu lissafin zamani ba. A Afirka ta Yamma duka da wuya a sami gidan sarautar da ya tsare jerin sarakunansa kamar yadda Saifawa suka tsare nasu. Akwai Diwani, watau jerin sarakuna da adadin shekarun mulkin kowanne da wurin da ya rasu, wanda matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da aka sani da Abdulkarim, ya sami kwafinsa a Kukawa a farkon shekarun 1850. Akwai kuma littattafai biyu da Imam Ahmad ibn Furtu, limamin Mai Idris Alauma, ya wallafa a 1576 da 1578 a kan yaƙe-yaƙen ubangidansa. Wanda ya riƙi waɗannan zai iya komawa baya da ƙafa tabbatacciya zuwa kafuwar Birnin Gazargamu a hannun Mai Ali Gaji wajen 1470, ya ƙara gaba har zamanin Mai Humme a ƙarshen ƙarni na 11, lokacin da Musulunci ya zauna a fadar Kanem. Daga nan sai isnadi ya fara rauni, shekarun mulkin sarki guda su kumbura su kai ɗaruruwa, riwaya ta gauraya da almara. Tuddan kufai kuwa da suka cika ƙasar firki, mai baƙar laka, a kudancin tafki, da manyan randunan da zaizayar ruwa kan tono a gefensu, in ka tambayi mutanen wurin sai su ce aikin Sao ne, ƙattin mutanen farko. Amsa ce mai daɗin ji, sai dai ba ta ɗauke da shekara.

Mabuɗin wannan ƙofa ya fito ne daga inda ba a zata ba, daga hannun wani masanin ilmin sinadarai a Jami'ar Shikago ta Amurka, Willard Libby, wanda bai taɓa zama malamin tarihi ba. Asalin al'amarin shi ne, a can ƙololuwar sararin samaniya wasu haskoki masu ƙarfi da ke zuwa daga wajen duniyarmu suna bugun iskar naitirojin, sai wani ɓangare nata ya juye ya zama nau'in kabon da ake kira kabon-14. Tsiro yana shan sa tare da sauran kabon da ke cikin iska, dabba ta ci tsiro, ɗan Adam ya ci su duka biyu, ta haka kowane mai rai yake ɗauke da rabonsa, gwargwadon ƙwaya ɗaya cikin tiriliyan, muddin yana raye. Ran da rai ya fita, ko aka sare itace, shiga ta tsaya, sai raguwa. Kuma raguwar tana bin ƙa'ida ɗaya wadda zafi ko sanyi ko damina ba su canja ta: rabin abin da ke nan yana gushewa cikin shekara 5,730, rabin ragowar ya gushe cikin wasu 5,730, haka har a kai wajen shekara 50,000, inda abin da ya saura ya yi ƙaranci ƙwarai har awo ya gaza. Saboda haka wanda ya auna abin da ya rage a cikin gawayi ko ƙashi ko itace, ya san yaushe mai shi ya daina rayuwa.

Libby bai nemi a gaskata shi da baki ba. A 1949, shi da abokin aikinsa James Arnold, suka ɗauki abubuwan da masana tarihin Masar suka riga suka san shekarunsu ta hanyar rubutu, ciki har da itace daga kabarin Fir'auna Zoser da katakon jirgin jana'izar Fir'auna Sesostris na Uku, suka auna, hisabinsu ya zo kusa da na littafi. A 1960 aka ba shi lambar Nobel. Daga baya aka gano adadin da ya yi aiki da shi, 5,568, ya ɗan gaza na gaskiya, amma ɗakunan awo suka yarda su ci gaba da bayar da sakamako a kan tsohon adadin, suna ƙirgawa baya daga shekarar 1950, domin lissafin jiya da na yau su zauna a ma'auni guda. Wannan ne ya sa adadin da ke fitowa daga ɗakin awo ba shekarun kalanda ba ne tukuna, sai an daidaita shi da zoben shekara-shekara na tsofaffin itatuwa, irin na duwatsun Kalifoniya da na kwarurukan Jamus, waɗanda ake iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Kowane adadi kuma yana zuwa da ragi da ƙari a gefensa, ma'anarsa kuwa ita ce sau biyu cikin uku gaskiya tana tsakanin iyakokin nan biyu. Malaman usulu da sun ga wannan da sun ce zanni ne mai rinjaye, ba yaƙini ba, kuma da sun yi daidai.

Wanda ya fara kawo wannan ma'auni ƙasar Borno da gaske shi ne Graham Connah, Baturen Ingila da ke aiki a Jami'ar Ibadan. A 1965 da 1966 ya haƙa tudun Daima, kusa da iyakar Kamaru, a tsakiyar baƙar lakar firki inda ake dasa masakwa bayan janyewar ruwa. Ya tsaga tudun daga ƙoli har gindi, zurfin da ya haura mita 10, sai ga zaman mutane hawa kan hawa, gida bisa kangon gida, murhu bisa murhu. Da gawayin murahun nan ya kasa tarihin wurin kashi uku: na farko daga wajen 550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu, zuwa wajen 50 Miladiyya, zamanin da mutane ke aiki da dutse da ƙashi, suna kiwon shanu suna kamun kifi, na biyu har zuwa wajen 700, inda ƙarfe ya bayyana, na uku har zuwa wajen 1150, inda aka ga dawa da kayan ado na tagulla da duwatsun wuya da suka zo daga nesa. Ya tattara wannan da sauran bincikensa a littafin da ya fitar a 1981, Three Thousand Years in Africa.

Abin lura a nan shi ne, saman tudun Daima ya riski zamanin da Diwani yake magana da murya tabbatacciya. Diwanin ya ambaci sarakuna huɗu a jere da suka rasa rayukansu a yaƙi da Sao a ƙarni na 14, Ibn Furtu kuma ya ba da labarin yadda Mai Idris ya rushe garuruwansu ya sassare itatuwan da suke fakewa a ciki. Ashe dai Sao ba ƙatti ba ne, ƙasusuwan da aka tono na mutane ne masu tsayi irin namu. Manoma ne da masunta da magina tukwane waɗanda kakanninsu suka zauna a kan laka fiye da shekara dubu kafin wani Mai ya hau gadon sarauta. A nan shaidu biyu da ba su san juna ba, takarda da gawayi, suka haɗu a kan magana ɗaya.

Bayan Connah aka yi shiru na wani lokaci. An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, ta kuma buɗe cibiyar nazarin al'amuran ƙetaren Sahara, inda Abubakar Garba, masanin tonon kayan tarihi, yake aiki. A watan Mayu na 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya don shanunsa kusa da ƙauyen Dufuna, a gefen kogin Komadugu Gana, cikin ƙaramar hukumar Fune, wadda a lokacin tana jihar Borno kafin a yanke Yobe a 1991. Da ya kai zurfin kamar mita 5 sai ya ci karo da baƙin itace mai tauri, wanda da ya duba ya ga hannun mutum ya taɓa shi. Da ya so da ya farfasa shi ya ci gaba da neman ruwansa, ba wanda zai sani. Amma ya kai magana ga mai gari, mai gari ya kai gaba, har ta isa ga gwamnati a Maiduguri, ita kuma ta miƙa wa jami'a. Duk abin da aka rubuta daga baya a kan wannan al'amari, da Turanci da Jamusanci, yana rataye ne a kan amanar mutumin nan.

Ya zamana a daidai wannan lokaci, a 1988, Jami'ar Frankfurt ta Jamus ta fara wani dogon shiri na nazarin al'adu da harsuna da yanayin ƙasa a yankin sabana na Afirka ta Yamma, wanda ya ci gaba har 2002, Jami'ar Maiduguri kuma ita ce abokiyar aikinta a Nijeriya. Cikin waɗanda shirin ya kawo akwai Peter Breunig, wanda sunansa zai daɗe yana haɗe da tarihin wannan ƙasa. Garba ya riga ya sake buɗe ramin ya tabbatar kwalekwale ne, an kuma yanki 'yan gutsattsari daga jikinsa an aika ɗakunan awo biyu a Jamus, ɗaya a Kolon ɗaya a Kiel. Kolon ta ce shekara 7,264, da ragi ko ƙarin 55. Kiel ta ce 7,670, da ragi ko ƙarin 110. Da aka daidaita su da zoben itatuwa sai suka faɗa tsakanin shekara 8,000 da 8,500 da suka shige, watau kafin a aza tubalin dalar Masar ta farko da fiye da shekara dubu uku.

Mai karatu mai kaifin hankali zai lura adadin nan biyu ba su yi daidai ba, akwai shekara kusan 400 a tsakaninsu, kuma ko an yi ragi da ƙarin ba su taɓa juna ba. Ni a ganina wannan saɓani shi ne ya ƙara wa shaidar daraja, domin da an so ƙawata magana da an ɓoye ɗaya an bayyana ɗaya. Dalilan irin wannan saɓani kuma sanannu ne ga ma'abota fannin. Itace ba ya mutuwa rana ɗaya: zuciyarsa ta daina karɓar kabon tun yana ƙarami, alhali ɓangaren da ke kusa da ɓawo yana karɓa har ranar da gatari ya sauka, don haka gutsure biyu daga gungume ɗaya suna iya bambanta da adadin shekarun da itacen ya rayu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana iya shigar da baƙon kabon cikin abin da ya jiƙa dubban shekaru, kowane ɗakin awo kuwa da yadda yake wanke samfurinsa. Aikin masani a nan bai bambanta da na malamin hadisi ba a babin jarhi da ta'adili: ba ya karɓar riwaya don ta yi masa daɗi, sai ya tambayi wane ne mai ruwayar, a ina ya ji, me ya shiga tsakaninsa da abin da yake faɗi. Masu ruwaya biyu a nan sun saɓa a lafazi, sun haɗu a ma'ana, ma'anar kuwa ita ce jirgin ya kai shekara dubu takwas.

A 1994 Breunig da Garba suka tono shi gaba ɗaya, da ma'aikata kimanin 50 da suka yi mako biyu suna kwashe ƙasa. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5, an fafe shi daga gungumen maɗaci guda, goshinsa da bayansa an feƙe su da kyau. Yana kwance a kan rairayi, laka hawa-hawa ta rufe shi ta hana iska shiga, wannan ne ya hana shi ruɓewa. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka, a duniya ma kaɗan ne suka girme shi, kamar na Pesse a ƙasar Holan, wanda bai wuce mita 3 ba kuma aikinsa bai kai wannan tsafta ba. Breunig ya yi istidlali da ingancin sassaƙar cewa wanda ya yi ta ba ɗan koyo ba ne, kuma sana'ar ta daɗe kafin shi. Wannan ƙiyasi ne mai kyau, domin ba a fafe gungume da gatarin dutse har jikinsa ya koma kaurin yatsu uku ba tare da an gaji hannun daga wani ba. A 1998 aka ɗaga shi aka kai Damaturu, aka tsoma shi cikin maganin da ke maye gurbin ruwan da ke jikin itace don kada ya tsattsage in ya bushe.

Sai dai fa a yi hattara. Tun da labarin ya bazu ake samun masu jingina kwalekwalen ga wannan ƙabila ko waccan, kowa yana neman ya ce kakansa ne ya sassaƙa. Kabon-14 ba ya jin yare. Ya faɗi lokacin da aka sare maɗacin, bai faɗi sunan mai gatarin ba, kuma tsakanin wancan zamani da bayyanar kowace al'umma da muka sani da sunanta a yau akwai ƙarnuka masu yawa na ƙaura da cuɗanya. Wanda ya ɗora wa shaida abin da bai gani ba, shi ya yi ƙarya, ba shaidan ba.

Tambayar da ta biyo baya ta masana ilmin ƙasa ce: wane irin ruwa ne ya ɗauki jirgi mai wannan tsawo a wurin da yau ake haƙa rijiya? A nan ne aka koma kan Jigawar Bama. Tsayinta wajen mita 320 ne bisa matakin teku, alhali Tafkin Chadi na yau yana wajen 280, yana kuma nesa da Maiduguri da fiye da kilomita 100. Tafkin da ya kai wannan gaɓa faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, in an gwada da 25,000 da aka auna a farkon shekarun 1960 kafin fari ya tsotse shi. Ya rufe kwarin Bodele a arewacin Chadi, rarar ruwansa kuma tana malala ta Mayo Kebbi ta shiga Binuwai. Abu mafi sauƙin samu a tsohuwar gaɓa shi ne ɓawon katantanwa da makamantansa, amma wannan mai ruwaya ne da ake tuhuma, domin dabbar ruwa tana gina ɓawonta da kabon da ya narke a ruwa, wanda wani sashensa tsoho ne tun asali, sai ta fito a awo ta girmi shekarunta. Gawayi ya fi shi adalci. Heinrich Thiemeyer, masanin ƙasa na tawagar Frankfurt, ya sami gawayi cikin rairayin jigawar kusa da Konduga, ya bayyana a 1992 cewa shekarunsa wajen 6,350 ne, da ragi ko ƙarin 250, watau wajen 5300 kafin Miladiyya bayan daidaitawa. A wurin kuma aka sami tsingaron tukwane masu zane, mafi tsufa da aka sani a arewa maso gabashin Nijeriya. Ke nan akwai mutanen da suka hura wuta suka ɗora tukunya a bakin wannan ruwa, ba nisa ƙwarai da inda jami'a take a yau.

Wasu shaidun suka zo suka ƙarfafa wannan. A tafkin Tilla na kan dutsen Biu, Ulrich Salzmann ya zaro laka daga ƙarƙashin ruwa hawa-hawa, aka auna shekarun kowane hawa, aka duba ƙurar furannin da ta maƙale a ciki, sai ta nuna itatuwan ƙasa mai dausayi sun taɓa yawaita a wurin kafin su ja da baya sannu a hankali. A 2015 kuma wasu masana daga Ingila, da wata hanyar awo dabam wadda ke faɗin ranar ƙarshe da ƙwayar rairayi ta ga hasken rana, suka nuna babban tafkin ya sauka da sauri wajen shekara 5,000 da suka wuce. Idan hanyoyi masu asali dabam-dabam suka taru a kan magana, ta kusanci abin da malamai ke kira tawaturi.

Da ruwa ya janye sai sabuwar ƙasa ta buɗe a gabas da arewacin jigawar, a nan kuma Breunig ya yi aikin da, a wurin masana, ya fi kwalekwalen nauyi ko da bai kai shi suna ba. A kusa da Gajiganna, kan hanyar Monguno, tawagarsa ta gano ƙananan tuddai masu yawa cike da tsingaro da ƙasusuwan dabbobi da 'yan mutum-mutumin shanu na yumɓu. Awo da yawa, ba ɗaya ko biyu ba, ya nuna mutanen sun iso wajen 1800 kafin Miladiyya da shanu da tumaki da awaki, ana kyautata zaton daga Sahara wadda ke bushewa a lokacin. Ƙasar ba ta da dutse ko na jifa, don haka gatura da duwatsun niƙansu daga nesa aka ɗauko su, daga wurare irin duwatsun Mandara. Wim Van Neer ya tantance ƙasusuwan, Katharina Neumann ta ɗauki ɓangaren tsirrai, su uku suka fitar da sakamakon a wata maƙala a 1996 wadda har yau ita ake fara komawa gare ta.

Labarin gero a nan ya cancanci a tsaya a kansa. Maginan Gajiganna, kamar maginan yau, sukan cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi don kada tukunya ta fashe a wuta. Ƙaiƙayin ya ƙone, amma siffarsa ta zauna a jikin tsingaro. Da aka duba waɗannan alamu da madubin ƙara girma, sai aka ga tukwanen farko ba su ɗauke da geron noma, na tsakiya suna ɗauke da ciyayin daji da shinkafar fadama da ake tarawa, sa'an nan daga wajen 1200 kafin Miladiyya geron gida ya bayyana, ya yi ta ƙaruwa har ya rinjayi sauran. An san an riga an noma gero a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajen 2500 kafin Miladiyya, saboda haka baƙo ne ya zo Borno, ya tarar da makiyaya, ya mai da su manoma a hankali. Abin da ya sauƙaƙa irin wannan tahƙiƙi shi ne sabuwar na'urar da aka ƙirƙiro a 1977, wadda ke ƙirga ƙwayoyin kabon-14 kai tsaye maimakon jiran su gushe. A zamanin Libby sai an ƙone cikin tafin hannu na gawayi, yanzu kuwa ƙwayar hatsi ɗaya ta isa, ita kuma ba ta da illar tsohon itace tunda damina ɗaya ta rayu.

A ƙarshen wannan zamani aka sami Zilum, arewa da Maiduguri, wadda Carlos Magnavita ya bincika. Da na'urar da ke gane abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba tare da haƙa ba, aka ga gari mai faɗin kimanin hekta 12, kewaye da gwalalo, cike da ramukan ajiyar hatsi, kuma babu ƙarfe a cikinsa. An sa shi tsakanin 600 da 400 kafin Miladiyya, wanda ya mai da shi ɗaya daga cikin garuruwa masu kariya mafi tsufa a kudu da Sahara. Amma a daidai nan ma'aunin ya yi rauni, domin tsakanin 800 da 400 kafin Miladiyya yawan kabon-14 a iska ya sauya ta yadda abubuwan da ke da ƙarnuka a tsakaninsu suke ba da adadi kusan ɗaya. Abin takaici, cikin waɗannan ƙarnuka huɗu ne manyan tambayoyin tarihin Nijeriya suka taru: farkon ganuwa, farkon narkar da tama, bunƙasar gumakan Nok, da gindin tudun Daima kansa. Masani a nan dole ya koma ga jerin hawan ƙasa da sauyin zanen tukwane, ya yi ijtihadi.

Akwai abu guda da ban iya wucewa ban faɗa ba. Gawayin Daima da na Konduga da na Gajiganna, da gutsuren maɗacin Dufuna, duk ƙetare aka kai su aka auna. Tun 1966 Cheikh Anta Diop ya buɗe ɗakin awon kabon-14 a cibiyar IFAN ta Dakar, kuma al'ummar da ba ta iya auna shekarun kufanta da kanta za ta daɗe tana jiran wani ya faɗa mata. Haɗin gwiwar Maiduguri da Frankfurt ya haifar da alheri mai yawa, ya horar da ɗalibai, ya bar rubuce-rubuce, amma galibinsu da Turanci da Jamusanci ne a mujallun da ɗan Konduga ko Fune ba ya gani, alhali ƙasarsa ake magana.

Daga 2005 Breunig ya mai da hankalinsa ga Nok a tsakiyar Nijeriya, inda irin wannan tarin awo ya mayar da farkon al'adar zuwa wajen 1500 kafin Miladiyya. A 2009 fitina ta tashi a Maiduguri, a watan Satumba na 2014 Bama ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya, hanyoyin Konduga da Monguno da Ngala suka zama wuraren da ko manomi yana shiga da fargaba, balle mai haƙa da cokalin magini. Kwalekwalen yana Damaturu. Jerin shekarun da aka kafa yana nan yadda aka bar shi: Dufuna wajen 6000 kafin Miladiyya ko fiye, Konduga wajen 5300, sa'an nan Gajiganna daga 1800, Zilum da Daima a bayanta. Tsakanin Konduga da Gajiganna akwai shekara kamar 3,500 da ba a sami murhu ko ɗaya da aka auna a wannan yanki ba, kuma wuraren da ya fi dacewa a nema su ne bayan jigawar ta yamma da kudu da bakin kogunan Ngadda da Yedseram da Komadugu Gana, inda ƙasa ta kasance a bushe lokacin da gabas take ƙarƙashin ruwa.